Yadda za ka gane gadon gaskiya daga na talla kafin ka sayi lasifika

Duk kamfanin lasifikar da ya haura shekara hamsin ya riga ya gane cewa tsufansa ma haja ce. Shi ya sa in ka buɗe tallar sabuwar lasifikar sauraro a ɗaki, irin ta hi-fi, kafin a nuna maka komai sai an fara da hoton wani dattijo sanye da kwat, tsaye gaban teburin aiki, an rubuta shekarar da ya kafa kamfani da manyan lambobi. Ni sana'ata gyaran sifika da amfilifaya, don haka abin da ke cikin akwati nake gani, ba abin da aka buga a jikin kwali ba. Wani gadon na gaskiya ne, kana kwance sukurori za ka gan shi. Wani kuwa suna kawai aka saya aka liƙa a gaba. Ga yadda nake rarrabewa, kai ma kuma za ka iya ba tare da ka taɓa riƙe ƙarfen soldarin ba.

Tambaya ta farko: wace matsala kakan ya warware?

Kusan duk sifikar da ke duniya a yau tsari ɗaya take bi: koyil, wato naɗin siririyar waya, a cikin maganaɗisu yana tura takarda gaba da baya. Chester Rice da Edward Kellogg, injiniyoyin General Electric a Amurka, su suka fito da wannan tsari a rubuce a 1925. Ke nan in kamfani ya ce yana da gado, ba wannan yake nufi ba, domin wannan na kowa ne. Gadon da ke da ma'ana shi ne wata dabara ta musamman da wani ya kawo don ya warware matsalar zamaninsa. Nemo dabarar tukuna, sannan ka duba ko tana nan a cikin sabuwar da ake tallata maka.

A 1946, lokacin da Paul Klipsch ya fara ƙera sifikarsa Klipschorn a garin Hope na jihar Arkansas, amfilifayoyin zamanin, masu aiki da bawul na gilashi, 'yan wat kaɗan suke bayarwa. Sai ya ɗora sautin a kan bututu mai buɗaɗɗen baki, dabarar nan da ke sa lasifikar masallaci ta kai ƙarshen unguwa da ƙaramin inji. Ya naɗe bututun a cikin akwati, ya kuma sa a jingina akwatin a kusurwar ɗaki don bangaye biyu su ƙarasa aikin bakin bututun. Har yau ana ƙera ta a Hope, ainihin tsarin bai canza ba. A 1954 kuma Edgar Villchur da ɗalibinsa Henry Kloss suka bi ta wata hanya daban a kamfaninsu Acoustic Research. Suka toshe akwati ruf, suka sassauta takardar, suka bar iskar da ke kulle a ciki ta zama ita ce sifirin. Akwatin ya ƙanƙance, bes, wato sautin ƙasa mai kauri, ya sauka ƙasa sosai, amma sai ya zama mai cin wuta. Tannoy ta Landan ta kawo tata a 1947: ta cusa tiwita, ƙaramar mai fitar da siririn sauti, a tsakiyar wufa, babbar mai fitar da kakkauran sauti, don sautin sama da na ƙasa su fito daga wuri guda. KEF ta bi wannan tunani da nata salon, Uni-Q, a 1988. Peter Walker na Quad kuwa jefar da takarda da maganaɗisu ya yi baki ɗaya a 1957, ya yi amfani da siririyar leda da wutar lantarki ke ja tana turawa.

Tsakanin Klipsch da Villchur akwai darasin da zai tsare maka kuɗi fiye da komai a wannan rubutu. Abu uku mai saye ke so: ƙaramin akwati, bes mai zurfi, da ƙara mai yawa daga wuta kaɗan. Biyu ake samu, na ukun dole a sadaukar. Masu wannan fanni suna jingina ƙa'idar ga Anton Hofmann, ɗaya daga waɗanda suka kafa kamfanin KLH. Klipsch ya sadaukar da ƙanƙanta, Villchur ya sadaukar da sauƙin wuta. Duk tallar da ta yi maka alkawarin ukun a akwati ɗaya, ko sunan wa ke jiki, ajiye ta.

Ma'aunin da nake gwada sauran da shi

In kana son ganin gadon da ba ya bukatar surutu, duba LS3/5a. Sashen binciken BBC ne ya tsara ta a tsakiyar shekarun 1970, kuma ba don sayarwa ba. Suna bukatar ƙaramar sifika da injiniya zai ajiye dab da kunnensa a cikin motar ɗaukar shiri daga waje, inda babu fili, ya ji ko muryar mai magana ta fita daidai. Tsawonta wajen santimita 30 ne kacal. Wufarta B110 da tiwitarta T27 duk na KEF ne. Akwatin siririn katakon filawud ne, an manna masa kwalta daga ciki don ta shanye rawar katakon. Kurosobarta kuwa, wato allon da ke raba sauti tsakanin wufa da tiwita, ta cika da kaya fiye da na manyan sifikoki da yawa, domin a nan aka gyara duk wani karkacewar sauti.

BBC ba ta buɗe masana'anta ba. Lasisi ta bayar ga kamfanoni irin su Rogers, Chartwell, Spendor da Harbeth, da sharaɗin cewa duk wadda aka ƙera sai ta yi daidai da ta asali a awo, ta yadda za a ɗauko ɗaya daga nan ɗaya daga can su yi aiki tare. Wannan ne ya bambanta ta. Gadon a rubuce yake, da lambobi, kuma akwai mai dubawa. Ba a ce maka ka yarda don kakanmu gwani ne ba.

Amma ko a nan sai ka buɗe ido. Ta farko om 15 ce (om shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga wutar amfilifaya), daga baya a ƙarshen shekarun 1980 aka sake tsarin ta koma om 11. Da KEF ta daina ƙera waɗancan wufa da tiwita, sai hanya ta rabu. Falcon Acoustics ta sake ƙera su yadda suke tare da Malcolm Jones, injiniyan da ya yi aikinsu a KEF tun asali. Stirling Broadcast kuwa ta sa wasu wufa da tiwita daban, ta gyara kurosoba har sautin ya dace da ma'aunin. Dukansu halal ne. Bayan su akwai tarin ƙananan akwatuna masu kama da ita da ake tallatawa da cewa "irin ta BBC ce", alhali babu lasisi, babu awo. Tambayi mai sayarwa kai tsaye: lasisi gare ta, ko kama ce kawai? Sannan ka tuna abin da aka yi ta dominsa. Murya za ta ba ka tsaf, kamar mai maganar yana zaune gabanka. Ba za ta girgiza maka tagogi ba, ba a kuma yi ta don falo mai faɗi ba.

Juya akwatin ka karanta bayansa

Sunan da ke gaba ba ya gaya maka mai kamfanin a yau. Gilbert Briggs ya fara Wharfedale a 1932 a Ilkley da ke Yorkshire, amma yanzu ita da Quad da Mission duk suna hannun IAG, rukunin da babbar masana'antarsa ke China. KEF da Raymond Cooke ya kafa a Maidstone a 1961 ta koma hannun Gold Peak ta Hong Kong a 1992. JBL tana ƙarƙashin Harman, Samsung kuma ta saye Harman a 2017. Abin kamar tsohon shagon kilishi ne da mai shi ya rasu: wani magajin ya riƙe yaran gidan da haɗin yajin, wani kuwa allon kawai ya bari a ƙofa.

Ban ce canjin hannu aibi ba ne. Sau da yawa sabon mai kuɗin ne ya ceci kamfanin daga rufewa, kuma na buɗe sifikokin da aka haɗa a China da aikinsu ya fi na wasu tsofaffin Turai tsafta. KEF har yanzu tana da injiniyoyinta a Maidstone. Abin da nake so ka nema shi ne sunan wanda ya tsara wannan sifikar da ke gabanka, ba wanda ya kafa kamfanin ba. Kamfanin da ke da abin nunawa yakan ambaci injiniyansa, kamar yadda Wharfedale ke ambaton Peter Comeau. Wanda ba shi da shi sai ya yi ta maimaita sunan mamaci. Ka kuma lura da wayon rubutu a farantin baya: "an tsara a Ingila" daban, "an ƙera a Ingila" daban. Tutar ƙasa da aka manna ba ta nufin ko ɗaya.

In an ce an dawo da tsohuwa

Wannan ne yayin da ake ciki. JBL ta fito da L100 a 1970, ta samo ta daga sifikar situdiyo 4310, ta sa mata murfin soso mai gida-gida, har da mai launin ruwan lemo. A 2018 ta dawo da ita da sunan L100 Classic, murfin yana nan yadda yake. Wharfedale ta dawo da Linton ta 1965 a 2019. Mission ta dawo da 770 ta 1978 a 2022.

Kada ka ɗauka tsohuwar ce aka sake bugawa. Riga ce ta da, jiki sabo. Kurosobar tsohuwar L100 ba ta wuce kafasita biyu da maɓallan rage sauti biyu ba, wufar kuwa an sake ta tana yin abin da ta ga dama. Sabuwar tana da cikakkiyar kurosoba da tiwitar titaniyom. Sabuwar Linton takardarta ta Kevlar ce, wani saƙaƙƙen zare mai ƙarfi, abin da babu shi a ta 1965. A ganina wannan alheri ne, domin sababbin sun fi iyayensu daidaito nesa ba kusa ba. Tun da Neville Thiele a 1961 da Richard Small a farkon shekarun 1970 suka fitar da lissafin daidaita akwati da wufa, aikin ya bar hannun gwaji da sa'a. Amma ka san abin da kake biya. Wani kaso na kuɗin na katakon ado ne da begen zamanin da ya wuce. In kana son wannan, ba laifi, ɗakinka ne. Kawai ka ajiye ta kusa da wata mai farashi ɗaya wadda ba ta da labari, ka ji ko labarin yana fitowa ta sifika.

Abu ɗaya na tsohon fasali da ba ado ba ne shi ne faɗin fuska. Akwati mai faɗin gaba yana turo sautin tsakiya zuwa gare ka, yana kuma ba da damar babbar wufa. Siraran dogayen da suka cika kasuwa daga baya, sauƙin ajiyewa a falo ne ya kawo su.

Lambobi huɗu, da yadda ake wasa da su

Wat ita ce lambar da aka fi yaudarar mutane da ita. Duk inda ka ga PMPO, kamar a kwalayen nan da ke cika Sabon Gari da Alaba masu ɗauke da wat dubu biyar, share ta, ba ta da wani ma'auni da aka yarda da shi. In na'urar mai amfilifaya a ciki ce, duba bayanta ka ga wutar da take ja daga soket. Abin da ke jan wat 60 ba zai ba ka dubu biyar ba. A sifika zalla kuwa, wat na nufin abin da za ta iya jurewa kafin koyil ya ƙone, ba ƙarar da za ta yi ba.

Ƙara tana wajen lambar dB, wadda ake aunawa a tazarar mita ɗaya. Duk ƙarin dB 3 daidai yake da ninka wutar amfilifaya sau biyu. Sifika mai 92 da amfilifaya mai wat 25 za ta yi ƙarar da mai 86 ke bukatar wat 100 kafin ta yi. LS3/5a tana wajen 83, Klipsch kuma ta taɓa rubuta 105 ga Klipschorn, tazarar da ta haura ninki 150 a wuta. Ga inda wayon yake: yawanci da bolt 2.83 ake awon. A sifika mai om 8 wannan wat ɗaya ne, a mai om 4 kuwa wat biyu ne, ke nan an ba ta kyautar dB 3 ba tare da an faɗa maka ba. Don haka ka karanta dB tare da om, ka kuma tabbata amfilifayarka ta yarda da om 4 kafin ka jona mata.

Ta huɗu ita ce iyakar sauti, misali daga 45 Hz zuwa 20 kHz. In ba a biyo ta da ±3 dB ba, wato alamar cewa ƙarar ba ta hawa ko sauka fiye da haka a wannan tsakani, ba ta ce komai ba, domin kowace sifika tana iya yin ɗan motsi a 30 Hz wanda kunne ba zai ji ba. Kamfanin da ya yarda da kayansa yakan buga zanen awo, har da na sautin da ke fita ta gefe. Akwai ma'aunin da ake kira CTA-2034 da ya tsara yadda ake wannan awo, kuma masu awo masu zaman kansu suna wallafa sakamakon sifikoki da yawa a intanet. Nemi na wadda kake so kafin ka je shago.

Sauraro, da yadda ido ke cutar kunne

A 1994 Floyd Toole da Sean Olive na Harman sun gwada mutane da sifikoki iri ɗaya sau biyu, sau ɗaya suna gani, sau ɗaya a bayan labule. Makin ya canza. Da ana gani, manyan masu ƙyalli da tsada suka samu fifikon da ba su samu a bayan labule ba, kuma ƙwararrun ma ba su tsira ba. Masu talla sun san wannan sarai, shi ya sa ake fara ba ka labarin kaka kafin a kunna komai.

To ka yi wa kanka labule. Tafi da aboki, ka juya baya, shi ya riƙa sauya waya ba tare da ya faɗa maka wacce ke yi ba. Daidaita ƙarar biyun da manhajar auna ƙara ta waya, domin wadda ta ɗan fi ƙara ko yaya ita kunne zai zaɓa, kuma mai shago ya san haka. Kada ka yarda da waƙar da ya zaɓa maka. Zo da abin da ka sani ciki da waje. Ni da murya nake farawa, labaran rediyo ko karatun wani da na saba ji, saboda kunnen Bahaushe ya ƙware a hawa da saukar murya, kuma nan take za ka ji in sifika ta sa mutum yana magana ta hanci ko daga cikin rijiya. Daga nan sai kalangu ko kuntigi don jin ko bugun yana tsayawa cak ko yana jan jela. Ka saurara a ƙarar da za ka iya hira a kanta, na tsawon lokaci. Sifikar da ke burge ka a minti biyun farko da ƙyalƙyalin sama, ita ce ke sa ciwon kai bayan awa ɗaya.

Ka kuma tuna ɗakinka. Bangon siminti da tayil suna dawo da sauti da ƙarfi. Darduma mai kauri da labule za su yi maka abin da wayar sifika mai tsada ba za ta yi ba. In akwatin yana da rami a baya, sai ka janye shi daga bango, in ba haka ba bes zai kumbura ya rufe murya.

In tokunbo za ka saya

Yawancinmu ta nan muke haɗuwa da waɗannan sunaye, kuma a nan aka fi cin mutane. Wani bawan Allah ya taɓa kawo mini manyan akwatuna biyu masu tambarin wani tsohon kamfani, ya ce, "Malam, duba mini, nauyinsu kaɗai ya isa shaida." Na ce, "Alhaji, bari mu buɗe tukuna." Da na cire wufar, maganaɗisunta bai fi murfin kwalba girma ba. Kurosoba babu, kafasita ɗaya ce ke lilo a jikin waya. Tiwita biyu daga cikin uku ba a ma jona su da komai ba. A ƙasan akwatin kuwa an zuba siminti ya daskare. Tambarin da gam aka manna shi.

Saboda haka kada nauyi ko ƙwanƙwasa katako su zama hujjarka. Roƙi izini ka kwance wufa ɗaya, sukurori huɗu ne zuwa takwas. Tsofaffin kamfanonin kirki suna buga lambar wufa a bayan maganaɗisu, sai ka duba ko ta dace da samfurin. Wanda ya hana ka buɗewa ya ba ka amsa.

Sa yatsu a kewayen tsakiyar takardar ka tura a hankali, daidai-wa-daida. In ka ji karce, koyil ya goge ko ya ƙone. Taɓa batir mai bolt 1.5 a wayoyin baya na ɗan lokaci: takardar ta motsa, kuma ta akwatin hagu da ta dama su motsa gefe ɗaya. In kana da mita, sifika mai om 8 takan nuna tsakanin 5 da 7, kuma biyun su yi kusa da juna. Kara kunne a kowace tiwita da ƙaramar ƙara, domin tiwita ce ke fara mutuwa kuma ita ta fi wuyar samu. In amfilifaya ta biyo kayan daga Amurka, duba ko ta wuta 110 ce kafin ka kai ta soket. Sifikar ita ba ruwanta da wannan.

Zoben da ke riƙe bakin takarda shi ne abin dubawa na ƙarshe. Na yadi da na roba suna daɗewa. Na soso kuwa yakan ruɓe bayan shekara goma sha zuwa ashirin, zafi da laima kuma suna gaggauta shi, kana taɓawa ya marmashe a yatsa. Wannan ba dalilin fasa ciniki ba ne, dalilin neman ragi ne. Ana sayar da sabon zobe gwargwadon inci, kuma mai gyara zai kankare tsohon ya manna sabo ya daidaita koyil a tsakiya. Abin da ba za ka yarda da shi ba shi ne a ce za a cire wufar a sa maka wata sabuwa daga kasuwa don girmansu ɗaya. Akwatin da kurosobar an lissafa su ne a kan waccan wufar, kuma da zarar an sauya ta lissafin ya rushe. Ka ce a gyara ta asalin, ko da kuɗin aikin ya fi na sabuwar.